Amiba a cikin ido: daga ina take zuwa, kuma ruwan gidajenmu ne ke kawo ta?

Yayar_Amarya_Garwa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo wannan magana nan ne domin ta tsaya mini a rai. Ƙanwata ta yi aure wata biyar da suka wuce, kuma ranar kamu mai kwalliya ta saka mata tabaran nan masu launi da ake liƙawa a kan ƙwayar ido. Bayan biki ta ci gaba da amfani da su, da ruwan da aka sayar mata tare da su ya ƙare sai ta riƙa ɗibar ruwan randa tana jiƙa su cikin ɗan mazubinsu kafin ta kwanta. Ba a yi wata guda ba idonta na hagu ya yi ja, ya soma zubar da hawaye, har ta kai ba ta iya duban haske ko na fitilar waya, tana wuni a ƙuryar ɗaki da baƙin mayafi a fuska. Mai kantin magani ya ce apolo ne. A wani asibiti aka ce ƙwayar cutar nan ce mai fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, aka ba ta maganin ɗigawa, ta sami sauƙi na kwana biyar, sannan ciwon ya dawo fiye da da, wani farin zobe ya fito a tsakiyar baƙin idon. Sai da muka kai ta Yawunde aka kankari idon aka duba, likita ya ce amiba ce. Abin da nake tambaya shi ne, yaya amibar da muka sani a ciki take hawa zuwa ido? Idan kuma daga ruwa take, ashe duk wanda ke wanke fuska da ruwan randa yana cikin haɗari ke nan?

Malam_Sani_Kusiri
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai a iya sanina amiba cutar ciki ce mai sa atuni, kuma nan Kusiri duk wanda aka gwada aka ce yana da ita Flagyl ake rubuta masa. Ina ganin ku gwada ba ta shi, wataƙila hannu ta kai idon ba ta wanke ba.

Awon_Jini_Marwa
Malam Sani, Allah ya saka da alheri kan niyyarka, amma ina roƙon kada a ba ta wannan magani da sunan ido, domin ba zai yi komai ba. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin ɗakin gwaji, kuma kullum ina ganin amibar ciki a ƙarƙashin madubi. Sunanta Entamiba histolitika, a hanjin ɗan Adam take rayuwa, ta hanyar abinci ko ruwan da bayan gida ya gurɓata take yaɗuwa. Wadda ta kama ƙanwar Yaya wata halitta ce dabam da ake kira Akantamiba. Suna ne kawai ya haɗa su, kamar yadda kura da kare duk dabbobi ne amma kowa da dawarsa. Ita Akantamiba ba ta buƙatar jikin mutum domin ta rayu. Tana zaune a ƙasa, da ƙura, da ruwan kogi, da rijiya, da bututun famfo, da tankunan ruwa, tana cin ƙananan ƙwayoyin bakteriya da ke cikin santsin nan da kake ji idan ka shafa cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Wani masani mai suna Kastelani ne ya fara bayaninta a 1930, bayan ya tarar da ita a cikin wani yis da yake renonsa a ɗakin gwaji.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne kamanni biyu gare ta. Idan ta sami danshi da abinci tana motsi tana hayayyafa. Idan ta ji fari ko magani sai ta dunƙule ta yi wa kanta ɓawo mai ninki biyu, ta yi lamo. A wannan hali tana jure bushewa na shekaru masu yawa, har an taɓa farfaɗo da waɗanda suka haura shekara 20 a bushe, kuma yawan sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan sha ba ya kashe ta.

Malam_Sani_Kusiri
Na gode da wannan gyara, na janye maganata. Wallahi ban taɓa sanin amiba iri-iri ba ce.

Mai_Lalle_Njamena
Jikina ya yi sanyi da na karanta wannan. Ni kwalliyar amare nake yi, kuma ba zan ɓoye ba, ina da irin waɗannan tabarau kala shida da nake saka wa amare, idan an gama ɗaukar hoto in cire in ɗauraye su in ajiye wa ta gaba. A kasuwa muke sayensu wajen masu kayan kwalliya, babu wanda ya taɓa yi mana bayanin komai. Wani lokaci da ruwan leda nake ɗaurayewa, don ina ganin ya fi na famfo tsabta. Don Allah masu sani su faɗa mini gaskiya, ruwan leda ko na gora ya wadatar?

Malamar_Jinyar_Ido_Ngaundare
Hajiya Mai Lalle, na ji daɗin yadda kika fito fili kika faɗa, domin da yawa ba za su faɗa ba. Amsar ita ce bai wadatar ba. Ruwa yana iya zama mai kyau ga ciki amma bai dace da tabaran ido ba, saboda ruwan sha ba a tsarkake shi har ya zama babu wata halitta a cikinsa ba. Ko ruwan gishirin da mutum ya haɗa da kansa a gida bai tsira ba, domin a Amurka cikin shekarun 1980 an gano yawancin waɗanda suka kamu suna haɗa nasu ruwan ne da ƙwayar gishiri da tataccen ruwa. Saka wa mutum biyu tabarau ɗaya kuwa ya fi komai muni, ko da ba a zancen amiba, saboda sauran cututtukan ido da za ki ɗauka daga wannan ki kai wa waccan.

Bari in yi bayanin yadda abin ke faruwa. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci suna ce masa korniya. Muddin lafiyarsa lau, hawaye da ƙiftawa suna share duk abin da ya faɗa masa, shi ya sa kusan kowa yana haɗuwa da wannan halitta a rayuwarsa ba tare da ta yi masa komai ba. Tabaran liƙawa suna yin ɓarna iri biyu: suna ɗan kuje tantanin yadda ido ba ya gani, sannan suna riƙe amibar manne da wurin sa'o'i da yawa, inda hawaye ba ya kaiwa. Ɗan mazubin da ake jiƙa su kuwa, idan ba a shanya shi, santsi yake yi a ciki, ya zama gonar bakteriya, amiba kuma ta sami abinci. A Amurka, kusan kashi 85 cikin ɗari na masu wannan ciwo masu saka irin waɗannan tabarau ne.

Yayar Amarya, abin da kika faɗa na sauƙin kwana biyar ya sa na yi zargin maganin da aka ba ta yana da kortizon. Kortizon yana kwantar da ja da zafi, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya danne garkuwar idon ne ya bar ƙwayar tana cin karenta ba babbaka. Zoben nan fari kuma alama ce ta ciwon da ya riga ya yi nisa. Alamar farko da muke koya wa ɗalibai ita ce zafin da ya fi ƙarfin abin da ake gani a idon, domin amibar tana bin jijiyoyin tantanin.

Yayar_Amarya_Garwa
Haka ne Malama, na duba kwalin, akwai deksametazon a rubuce, wanda irin kortizon ne. Likitan Yawunde ma da ya gani sai da ya girgiza kai.

Manomin_Shinkafa_Lagdo
Ina bin wannan zance tun safe, kuma ina so in ce a daina ɗora komai kan tabaran amare. Mu nan ƙauye ba mu san su ba, amma ciwon ido mai barin hakiya ba baƙonmu ba ne. Shekara uku da suka wuce, lokacin yankan shinkafa, ganye ya shafci idon ƙanen mahaifina. Ya sunkuya a bakin magudanar da ke kawo ruwa daga madatsa, ya kamfata da tafin hannu ya wanke idon, ya ci gaba da aiki. Kafin sati biyu idon ya yi fari fat, yanzu ba ya ganin komai da shi sai inuwar hannu. Babu wanda ya kankari idonsa ya duba, saboda haka har gobe ba mu san abin da ya ci shi ba. Shin wannan amibar tana kama irinmu?

Awon_Jini_Marwa
Tana kamawa ƙwarai, ɗan'uwa. Hasali ma ɗaya daga cikin mutanen farko da aka tabbatar da cutar a idonsu, a 1973, makiyayi ne a jihar Tekzas ta Amurka wanda tsinken ciyawa ya soke shi a ido kuma gurɓataccen ruwa ya shiga. A 1974 aka ba da rahoton wasu a Ingila. A Indiya ma akasarin masu kamuwa ba masu tabarau ba ne, manoma ne da leburori da suka ji rauni a ido sannan laka ko ruwan kududdufi ya taɓa wurin. Sharaɗin dai ɗaya ne, a sami ƙujewa a tantanin, sannan a sami ruwa ko ƙasa mai ɗauke da ita.

Amma gaskiya ɗaya ce, a irin labarin baffanka abin da aka fi zargi shi ne naman gwari, wato irin funfunar da ke rayuwa a jikin ganye da kara. A ƙasashe masu zafi shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba bayan raunin ganyen shinkafa, ko karan dawa, ko ƙaiƙayi a lokacin sussuka. Matsalar ita ce da ido kawai ba a iya rabe su da tabbaci, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Gano amiba kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsadar gaske a kowane lokaci. Ana iya ganin ɓawonta a madubin ɗakin gwaji idan an rina abin da aka kankaro, ana kuma iya shuka shi a faranti mara abinci wanda aka shimfiɗa wa bakteriyar Ikolai, bayan 'yan kwanaki a ga sawun da amibar ta bari tana bi tana ci. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne likitan da zai kankara, da kuma tunanin neman ta tun farko.

Dattijo_Bakin_Logon
Ni ina da ja a kan yadda zancen nan yake tafiya. Shekarata sittin da bakwai, a Logon na koyi iyo, a cikinsa iyayenmu suka yi wanka da alwala har suka koma ga Allah da idanunsu. Ina tsoron mata su karanta wannan su daina wanke wa yara fuska. Mu da muka ga yadda amosanin ido ya makantar da tsofaffi a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da Chadi, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, mun san cewa wanke fuskar yaro kullum yana cikin abin da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna wa'azi a kai. Kada garin gudun cutar da ba ta kama mutum ɗaya cikin dubbai mu buɗe wa wadda ta fi ta yawa ƙofa.

Malamar_Jinyar_Ido_Ngaundare
Baba, maganarka dutse ce, kuma ina goyon bayanka ɗari bisa ɗari. A ci gaba da wanke fuskar yara da ruwa da sabulu. Lafiyayyen ido ba ya tsoron ruwan randa. Mutum biyu kawai nake ja wa kunne: mai tabaran liƙawa, da wanda wani abu ya soke shi ko ya kuje masa ido. Shi na biyun ma, idan ƙasa ko wani sinadari ya shiga masa ido, ya wanke da ruwa mafi tsabta da ya samu nan take, kada ya tsaya jira, amma ya nemi asibiti a ranar ko washegari idan zafin bai lafa ba.

Injiniyan_Ruwa_Abeshe
Ina so in koma kan tambaya ta biyu da Yayar Amarya ta yi, domin aikina ke nan. Mutane suna ɗauka ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo ya gama tsarkaka, alhali yawancin gurɓacewar tana faruwa ne bayan ruwan ya baro tushensa. Ku dubi tafiyarsa a garuruwanmu: daga famfo zuwa jarkar ɗan garuwa wadda cikinta ya yi kore, daga nan zuwa duro ko randa, ko a tura shi tankin roba da ke kan rufi yana shan rana wata da watanni da murfi a karkace, ƙurar hunturu tana shiga. Kulorin ɗin da ke ciki yana gushewa cikin ɗan lokaci, ɗumi kuma yana taimakon bakteriya. Na taɓa leƙa wani tanki da aka shekara huɗu ba a buɗe ba, na tarar da laka kamar kaurin yatsa uku a gindinsa.

Wannan ba matsalar talauci kaɗai ba ce. Ingila tana cikin ƙasashen Turai da cutar ta fi yawa, kuma masu bincike sun danganta hakan da tsohon tsarin gidajensu na ajiye ruwan sanyi a tanki ƙarƙashin rufi, wanda daga shi famfon banɗaki ke sha. Asibitin ido na Moorfields da ke Landan ya ba da rahoto a 2018 cewa masu cutar sun ninka kusan sau uku tun daga 2011. Shawarata ita ce a riƙa zubar da ruwan tanki ana goge cikinsa da burushi, domin ruwan jabel, wato ruwan kulorin na wanki, shi kaɗai ba ya ratsa santsin, a kuma rufe shi ruf. Wannan zai rage ta, amma ba zai kawar da ita ba, kuma babu wani tankin da zan ce a jiƙa tabarau da ruwansa.

Ummu_Hanan_Marwa
Likita ne ya rubuta mini nawa tabaran saboda ba na gani nesa. Yaya zan yi da alwala sau biyar a rana? Idan na tafasa ruwan fa?

Malamar_Jinyar_Ido_Ngaundare
Ƙanwata, tafasawa tana kashe ta, amma da zarar ruwan ya huce an juye shi a buta ya koma ruwan gida. Mafi aminci ki cire su kafin alwala da wanka, ki tsane hannunki sarai kafin ki mayar. Idan hakan ya yi miki yawa, ki koma tabaran fuska a ranakun da kike gida, ko ki nemi irin waɗanda ake sawa yini ɗaya a yar. Mazubin kuma ki zubar da tsohon ruwan magani kowace safiya, kada ki ƙara sabo a kan tsoho, ki kife shi ya bushe, ki sauya shi duk wata uku. Kada ki kwana da su, kada ki shiga kogi ko wurin iyo da su.

Goggon_Yara_Yagwa
Ni abin da na gani da idona shi ne yadda ake ƙara wa ciwo gishiri a gida. Da ido ya yi ja sai a ɗiga nonon mai jego, ko ruwan ganyen da aka daka aka tace da tsumma, ko a ranɓaɗa tozali da muciyar da gida duka ke amfani da ita. Jikata an yi mata haka kafin in dawo daga kasuwa, na yi faɗa har muryata ta dushe. Idan tantanin ya riga ya ƙuje kamar yadda Malama ta ce, to ai mu da hannunmu muke kai masa abin da ke cikin ruwan da ƙasar.

Ɗalibar_Likita_Liyon
Ina karatun likitanci a Faransa, amma 'yar Njamena ce ni. Yayar Amarya, ina so ki shirya zuciyarki da ta ƙanwarki domin jinyar tana da tsawo. Magungunan da ke iya ratsa ɓawon su ne kuloheksidin ko folihekzanid, galibi mai ƙarfin kashi 0.02 cikin ɗari, kuma sau da yawa ana haɗa su da hekzamidin, wanda a nan ake sayarwa da sunan Désomédine. A kwanakin farko ana ɗigawa kowace sa'a, dare da rana, daga baya a riƙa ragewa, kuma ana iya shafe wata shida ko shekara ana yi. Sai a 2024 Tarayyar Turai ta amince da magani na farko da aka yi wa rajista musamman domin wannan cuta, folihekzanid mai ƙarfin kashi 0.08 cikin ɗari. Kafin nan masu haɗa magani na asibiti ne suke sirka shi. Ina gargaɗi da babbar murya, kada wani ya ɗauki kuloheksidin na wanke rauni ko na cibiyar jariri ya ɗiga a ido, ƙarfinsa ya ninka na ido sau da yawa kuma yana ƙona tantanin. Idan hakiya ta rage bayan an kashe ƙwayar, dashen korniya ne ke iya dawo da gani, amma likitoci sun fi son a jira sai idon ya lafa.

Manomin_Shinkafa_Lagdo
Duk wannan bayani ya yi kyau, amma mai noma a Lagdo ko Maga da zai yi tafiyar yini kafin ya ga likitan ido, ina zai sami mai kankarar ido da maganin kowace sa'a? Ni dai abin da na ɗauka shi ne zan sayi tabaran kariya irin na masu walda marasa duhu kafin kaka, in kuma riƙa tafiya gona da gorar ruwa mai tsabta daban.

Mai_Lalle_Njamena
Na zubar da duka shidan yau da rana. Amare biyu da na yi wa alkawari a wannan wata na kira su na ce kwalliyar ba tabarau, ɗaya ta yarda, ɗaya ta ce za ta nemi wata mai kwalliyar.

Dattijo_Bakin_Logon
Har yanzu ban gamsu cewa ruwan ne mai laifi ba. Ruwan nan shi ne tun kaka da kakanni, abin da aka liƙa a idon ne sabo.

Injiniyan_Ruwa_Abeshe
Baba, kogin shi ne na da, amma tankin roba a kan rufi da jarkar da ba a wankewa su ma sababbi ne. Kuma labarin Lagdo ya nuna ko babu tabarau rauni kaɗai ya isa.

Yayar_Amarya_Garwa
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yau kwana goma sha tara da fara maganin. Ni da mijinta muke karɓa-karɓa da dare, agogon waya yana tashinmu, yanzu an mayar da shi duk sa'a biyu. Maganin yana da raɗaɗi, tana riƙe hannuna gam idan zan ɗiga, amma jiya ta zauna a tsakar gida bayan la'asar ba mayafi a fuska, karo na farko cikin wata uku. Zoben yana nan, likita ya ce ba zai iya cewa komai kan ganinta ba sai mun koma ƙarshen wata. Ya karɓi ɗan mazubin tabaran domin a gwada. Malam Awon Jini, idan na ɗebo ruwan randarmu da na tankin makwabta da muke saya a wurinsu, akwai yadda za a duba su a nan Arewa, ko sai na tafi da su Yawunde?